Surukin da Na Rubuta wa Baba a Kwamfutar Ofis

Salamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Mai girki ta rage wuta, mai shara ta jingine tsintsiya, don abin da ya same ni yau ba a jin sa a tsaye. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan bakina ya ƙi rufuwa. Umma ta leƙo ɗakina ta ce, "Auta, lafiyarki kuwa? Kuka kike ko dariya?" Na ce mata duka biyun.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ƙaramar gidanmu, kuma ina aiki a ofishin yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara. Onarabul muke ce masa tun bai ci ba, don ƙarfafa gwiwa. Kar ku ɗauka ina cikin masu hawa mota da lasifika suna ihu. Ni can ɗakin baya aka ajiye ni, ɗakin gudummawa, mai tebur biyu da fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama, da kwalayen fosta da suka kusa taɓa rufi. Tebur ɗaya nawa, ɗayan na ƙawata, wadda duk ofis ke kira Rediyo, kuma sunan bai zalunce ta ba.

Aikinmu shi ne, duk wanda ya turo wa Onarabul kuɗi, da zarar alat na banki ya shigo sai mu buɗe masa shafi a kwamfuta: sunansa, lambar wayarsa, sana'arsa, unguwarsa, ranar da ya bayar, ta banki ne ko hannu da hannu, kuma wa ya jawo shi. Akantan ofis, wata mata da ban taɓa ganin haƙoranta ba, kullum cewa take kuɗin da ba a san mai shi ba ba namu ba ne, mayarwa ake yi. Shi ya sa dole mu kira kowa mu tabbatar. Onarabul kuma ya ƙara da tasa dokar, wai komai ƙanƙantar abin da mutum ya bayar, ko kuɗin katin waya ne, sai an kira shi an yi masa godiya da baki, ba da saƙon inji ba.

Wannan dokar ce ta jawo min.

Wata rana alat ya shigo, ɗan kuɗi ne da ko shayi da burodi ba zai saya wa mutum biyu ba. Na danna lambar ina hamma.

"Salamu alaikum, daga ofishin Onarabul ne. Mun ga gudummawarka, mun gode ƙwarai. Malam, mece ce sana'arka?"

"Gyaran tabarau," in ji shi. Muryar a nutse, kamar wanda ba ya da inda za shi.

"Tabarau kawai?"

"Malama, kawai kika ce? Sai ranar da naki ya karye za ki san ba kawai ba ne."

Na ce ni ba na sa tabarau. Ya ce in dai kwamfuta nake kallo safe da yamma, yana nan yana jirana. Na yi dariya, na rubuta, na kashe waya, na manta da shi.

Washegari ga alat kuma, lamba ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Na kira na yi godiya. Jibi ma haka. Ran nan ma haka. Na ce, "Malam, ka tara mana ka turo gaba ɗaya, ai ya fi sauƙi."

Ya ce, "In na turo gaba ɗaya sau nawa za a kira ni?"

"Sau ɗaya."

"To kin ji."

Jama'a, alƙalami ne ya suɓuce daga hannuna. Rediyo da ta kasa kunne ta dafe ƙirji ta ce, "Tirƙashi! Wannan ba Onarabul yake wa kamfe ba, kansa yake wa." Daga ranar, ko ita ce a kan layi, da ta ga lambarsa sai ta turo min wayar da ɗan yatsa ɗaya, tana kashe min ido, ta ce, "Ga mai gudummawarki."

Shafinsa ya yi ta tsawo. Sauran mutane layi ɗaya ko biyu, shi kuwa sai na yi ta gangarawa. Akwai wani gurbi a ƙasan kowane shafi inda muke rubuta abin da mutum ya faɗa, don Onarabul ya san damuwar jama'a. Na wasu za ka ga "yana so a gyara magudanar ruwa", "tana kukan kuɗin makaranta". Nasa kuwa, Allah ya yafe min, cewa na yi "yana da haƙuri", "ya iya magana", "ba ya shan sukari da yawa".

Sau ɗaya ya zo ofis, wai karɓar rasit, alhali rasit ta waya muke turawa. Ranar Allah ya taimake ni na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, da mayafi baƙi mara nauyi, da takalmin nan mai ɗan tudu da ke cin ƙafata amma nake yafe masa. Ya shigo da farar riga a goge tas, dogo, ba fari ba ba baƙi ba, da 'yar ƙaramar sukudireba a aljihun gaba inda mutane ke sa biro. Ya yi sallama, ya dubi Rediyo, ya dube ni. Ban ce uffan ba, amma ya nufo teburina kai tsaye.

"Ke ce."

"Ya aka yi ka sani?"

"Waccan tun daga ƙofa na ji muryarta, ba ita ba ce."

Rediyo ta ce ita an ci mutuncinta, ta fita tana dariya. Na buga masa rasit har sau biyu saboda na farko na sa takardar a juye. Kafin ya tafi ya juya min allon kwamfutar kaɗan daga hasken taga, ya ce idona ya yi ja, in dinga ɗaga kai ina kallon nesa. Shi ke nan fa. Ya tafi ya bar ni ina kallon nesa har aka tashi.

Daga nan aka koma saƙo. Da safe: "Malama, an tashi lafiya? A hutar da ido." Da yamma: "Yau wani tsoho ya kawo min tabarau ɗaure da zare, ya ce tun aurensa yake sa shi, kar in kuskura in canja masa." Ni kuma in mayar da fuskar dariya guda uku, in goge biyu don kar ya ce na cika zaƙewa.

Amma ga inda matsalar take, ku riƙe wannan da kyau. Mutumin nan bai taɓa cewa yana sona ba. Ko da wasa. Ido dai, ido dai, sai gudummawa.

A gida kuwa wuta ake hura min. Goggo, ƙanwar Baba, ta mayar da falonmu ofishinta. Duk zuwan da za ta yi da hoton wani a waya: ɗan ƙawarta mai shagon taya, ƙanin maƙwabcinta da ya dawo daga karatu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sa'anninki duk da goyo, ke kina goyon kwamfuta." Umma kuwa sai dai ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi yadda zan ji.

Baba shi ba ya zaɓa wa kowa miji. Tsohon malamin makaranta ne, magana ɗaya yake yi. Dokarsa guda ce tak: duk wanda ke neman 'yarsa, shi zai fara ji, daga bakin 'yar ko daga bakin mai nema, ba daga bakin mutanen waje ba. Kuma ba wasa yake ba. Yayata ta taɓa samun wani mutumin kirki, sai wani maƙwabci ya tare Baba a hanya ya yi masa murna tun ba a faɗa masa ba. Baba ya dawo gida ya ce maganar ta mutu, kuma ta mutu. Yaya ta yi kuka har ta gode Allah. Don haka ni na ƙudurta, ranar da Mai Tabarau ya buɗe baki, a ranar zan durƙusa gaban Baba. To bai buɗe ba, me zan je in ce? In ce Baba wani yana ce min in hutar da ido?

Yanzu ku ji wautar.

A kwamfutarmu akwai abin da muke kira haɗa gida. Idan miji da mata da ɗansu duk sun bayar, sai mu ɗaure shafukansu wuri ɗaya ƙarƙashin maigidan, mu rubuta dangantaka: mata, ɗa, ƙane, suruki. Amfaninsa, kar a dami gida ɗaya da kira uku, kuma idan Onarabul zai kira manyan masu bayarwa da kansa, a buga masa ɗan kati mai bayanin gidan gaba ɗaya, ya karanta ya yi magana kamar ya san su tun suna yara. Mutane kuwa suna jin daɗin wannan ba kaɗan ba.

Baba ma yana da shafi. Ya ba da gudummawa mai ɗan kauri daga kuɗin fanshonsa, ya ce ba don ɗan takararmu ya burge shi ba, don kar a ce uban ma'aikaciya ya noƙe.

Shekaranjiya da yamma aiki ya yi sauƙi, Rediyo ta fita sayen ruwan sanyi. Ni kaɗai, ga shafin Baba a buɗe a hagu, ga na Mai Tabarau a dama. Shaiɗan ya ce min, Auta, gwada ki gani mana, ya zai yi kama? Na ja shafinsa na sa ƙarƙashin gidanmu. Kwamfuta ta tambaye ni dangantaka. Na waiga, ba kowa. Na rubuta: suruki.

Wayyo daɗi! Ku ga yadda ya zauna ɗas a ƙarƙashin sunan Baba, kamar dama can gurbinsa ne. Na tallafe kumatu ina kallo ina murmushi, har na fara tunanin kalar labulen ɗakina. Ina cikin haka na ji takun Akanta. Na rufe kwamfutar da sauri, ta ce in kai wasu takardu banki kafin a rufe, daga can in wuce gida.

Jiya da sassafe, ko jakata ban ajiye ba, na buɗe na raba su, na goge kalmar tas. Na duba sau biyu. Na yi hamdala, na ce wa kaina ba wanda ya gani, ba wanda zai gani.

Abin da na manta, ni da nake koya wa sababbi wannan aikin, shi ne katunan kiran Onarabul da yamma ake buga su, bayan an tashi, a sa a ambulan a miƙa wa direbansa. Kwamfuta ta manta, amma takarda tana cikin mota.

Yau ba aiki, da rana muna falo. Baba a kujerarsa ta kusa da taga da jarida, Umma tana ninke wanki a kan doguwar kujera, Goggo ta baje tana nuna min hoton wani mai gemu da ta ce yana da gida hawa biyu. Ni ina ƙasa kan darduma da tsohuwar rigar barci da ɗankwali a karkace, ina yanke farce. Wayar Baba ta yi ƙara. Baba kuwa duk kiran duniya a lasifika yake amsa shi, ya ajiye wayar a kan gwiwa.

"Salamu alaikum Baba, ranka ya daɗe! Ɗanka ne, ɗan takara."

Goggo ta gyara zama, Umma ta saki zanin da ke hannunta. Baba ya yi gyaran murya, ya amsa da fara'a. Ni har ina jin alfahari, ina cewa a raina, katin nan aikina ne.

Onarabul ya yi godiya, ya yabi shekarun da Baba ya yi yana koyarwa, ya ce 'yarsa tana da ƙwazo a ofis. Baba sai gyaɗa kai yake. Sai na ji ƙarar juya takarda.

"Kuma Baba, dole in yi maka godiya ta musamman a kan surukinka."

Abin yanke farcen ya faɗi daga hannuna.

"Surukina?" in ji Baba. "Wanne?"

"Mai gyaran tabarau mana! Baba, wannan yaro kusan kullum sai ya turo. Duk cikin magoya bayana ba mai naci irin nasa. Ga shi nan an rubuta min, yana da haƙuri, ya iya magana, ba ya ma shan sukari da yawa. Kai Baba, ka iya zaɓe! Allah ya ba da zaman lafiya."

Na shiga uku. Ban san lokacin da na ja ɗankwali na rufe fuskata ba. Ta cikin yadin ina jin Baba yana cewa "amin, amin, madalla" da wata murya mai sanyi da na sani sarai, muryar da yake yi wa ɗalibi kafin ya aike shi ya ɗauko bulala.

Kiran ya ƙare.

Goggo ce ta fara. "Yaya, aure ka yi wa Auta ba mu sani ba? Ni ina nan ina yawo da hotuna kamar mai talla!"

Baba bai kula ta ba. Ya ce, "Auta, buɗe fuskarki."

Na buɗe. Na rarrafa na durƙusa gabansa, na faɗi komai, tun daga alat na farko har haɗa gida, har gogewar da na yi jiya. Umma ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, na rasa kuka take ko dariya.

"Shi yaron ya ce yana son ki?"

"Bai ce ba, Baba."

"Bai ce ba." Ya maimaita a hankali. "Ke kika ba shi muƙamin."

Goggo ta tafa hannu ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Baba ya ninke jaridarsa gida huɗu, ya ɗora a hannun kujera, ya dube ni. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Auta, ɗan siyasa ya riga ni ji." Nan hawaye suka zubo min na gaske, don na ga abin ya taɓa shi, kuma na tuna abin da ya samu yayata.

Ya miƙo min wayarsa. "Sa min lambarsa."

Na sa. Ban ko duba tawa wayar ba, da ka na sa, Goggo kuwa ta lura, ta ce "uhm!" Ya danna lasifika. Ta fara ƙara. Ku fahimce ni, 'yan uwa: in ya ce kuskure ne, ba abin da ke tsakaninmu, na yi asarar shi kuma na sha kunyar duniya. In ya ce akwai, ga dokar Baba.

"Salamu alaikum," muryar nan mai nutsuwa.

"Wa alaikumus salam. Kai ne mai gyaran tabarau?"

"Ni ne, Baba. Tabarau ne ya samu matsala?"

"Tabarau lafiyarsa ƙalau. Ni ne mahaifin yarinyar da ke kiran ka daga ofishin ɗan takara."

Sai muka ji wani abu ya faɗi a can, kamar ƙaramin tire na ƙarfe, da 'yan ƙusoshi suna gangarawa.

"Ran... ranka ya daɗe. Baba, ina wuni? An wuni lafiya? Ya gida? Ina wuni?"

Duk nutsuwar nan ta gudu. Ni da ke kuka sai da dariya ta kusa ƙwace min.

"Lafiya lau. Ɗan takara ne ya kira ni yanzu yana min murna. Ya ce a kwamfutarsu an rubuta kai surukina ne. Ni kuwa ban san na yi suruki mai gyaran tabarau ba. Shi ne na ce bari in ji daga bakinka."

Baba ya duba ko wayar ta yanke. Na runtse ido, na damƙe gefen darduma.

"Baba," ya ce, "wallahi ban san wanda ya rubuta ba. Amma don girman Allah, kar a goge."

Umma ta saki salati. Goggo ta ce, "Oh ni!" Ni kuwa ji na yi kamar an ɗauke ni an ajiye a kan rufin gida, iska tana kaɗa ni ta ko'ina. Kar a goge! Jama'a, kun ji? Kar a goge!

Baba ko gezau. Ya ce, "Ai ka makara. Ita wadda ta rubuta ta ce ta goge tun jiya da safe."

"Ita... ita ce ta rubuta? Da kanta?"

Kai, Baba! A gaban mutane! Na kifa fuskata a kan gwiwar Umma. Ta cikin wayar ina jin mutumin nan yana ƙoƙarin danne dariyar murna yana mayar da ita tari.

"Ba abin dariya ba ne," in ji Baba, sai tarin ya tsaya cak. "Ina da doka a gidana, kuma an taka ta. Gobe da yamma ka zo, kai kaɗai. Ka zo ka faɗa min dalilin da mutum mai hankali zai yi ta aika wa ɗan siyasa kuɗinsa, alhali ƙofar gidana a buɗe take. Ban ce e ba, ban ce a'a ba."

"To Baba. In sha Allahu Baba. Na gode Baba."

Baba ya kashe waya, ya buɗe jaridarsa, a juye ma ya riƙe ta, ba wanda ya isa ya faɗa masa. Na sulale na shige ɗaki, na faɗa kan gado na cusa fuska a matashi na yi ihu mara sauti, ina harba ƙafafu kamar 'yar yaye. Can kuma sai tsoro ya dawo, na tashi zaune. Can kuma sai "kar a goge" ta dawo, na sake kwanciya.

A haka na ɗauko waya na fara rubuto muku, ko da yake a wayar Umma nake ƙarasawa, za ku ji dalili. Ina tsaka da rubutun saƙonsa ya shigo, ƙarar kuwa har falo, don na manta ban rage ba:

"Malama, ashe haka kike? Na daɗe ina neman yadda zan fara, ashe har an ba ni gurbi. Ina da riga fara, da shuɗiya, da ruwan ƙasa. Wacce Baba zai fi so? Kuma me zan ce masa? Ki taimake ni, hannuna ya kasa riƙe sukudireba."

Na karanta, na rungume wayar, na sake karantawa. Na rubuta "fara", na goge. Na rubuta "shuɗiya", na ƙara fuskar dariya, ina shirin turawa ke nan na ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne tsaye, hannunsa a miƙe.

"Shi ne ko?"

Na gyaɗa kai.

"Kawo wayar. Daga yau har gobe, ni zan dinga amsa masa."